Mutum Biyar a Tsibiri

Yara, kun san irin labarin da ke hana mutum barci sai ya ji ƙarshensa? Ga ɗaya daga cikinsu. Wani marubucin Faransa mai suna Jules Verne ya rubuta shi, ya fito a shekarun 1874 da 1875. Sunansa L'Île mystérieuse, wato tsibiri mai abin al'ajabi. Ƙagaggen labari ne na kimiyya. Abin bai faru ba, amma dabarun da ke ciki daga ilimi aka ɗauko su.

A shekarar 1865, ana yaƙin basasa a Amurka, mutum biyar da kare guda suka tsere daga garin Richmond cikin wani babban balan-balan mai tashi sama. Guguwa ta kwashe su, ta yar da su a wani tsibiri cikin tekun Pasifik. Ba su da abinci, ba gatari, ba tukunya. Babbansu Cyrus Smith injiniya ne. Ƙaraminsu Harbert yaro ne ɗan shekara 15.

Tambaya ta farko da ke riƙe mai karatu ita ce: yaya za su rayu?

Da wutarsu ta mutu, ba sauran ashana. Smith ya ciro gilashin agogo biyu, ya haɗa su, ya cika tsakaninsu da ruwa, ya liƙe bakin da laka. Ya tara hasken rana wuri guda bisa busasshiyar gansakuka, sai wuta ta kama.

Wata rana Harbert ya tsinci ƙwayar alkama guda ɗaya tak cikin rigarsa. Ba su ci ta ba. Smith ya yi lissafi: ƙwaya ɗaya tana ba da zangarniya 10, kowace zangarniya ƙwaya 80, ya kama 800 ke nan. In aka shuka 800 ɗin, za a samu 640.000. Suka shuka ta, suka yi mata shinge, suna tsaron ta dare da rana. Duk manomin da ya taɓa ɓoye iri cikin shekarar yunwa ya san wannan haƙuri.

Tambaya ta biyu ta fi tada hankali: shin su kaɗai ne a tsibirin?

Sun sami ƙwayar harsashi cikin naman dabbar da suka kama, alhali ba su da bindiga. Sun tarad da akwati cike da kayan aiki a bakin teku. Da masassara ta kusa kashe Harbert, sai ga maganin kinin an ajiye bisa tebur. Wane ne ke taimakon su yana ɓoyewa? Marubucin bai faɗa ba sai kusa da ƙarshe. Yana ba mu alama kaɗan kaɗan, mu kuwa muna ta buɗe shafi.

Haka ake gina irin wannan labari: haɗari a gaba, asiri a ɓoye, mutane kuma suna tsira da ilimi da haɗin kai.

Tambayoyi
1. Da me Smith ya kunna wuta?
2. Don me ba su ci ƙwayar alkamar ba?
3. Ku ninka 800 sau 800. Nawa kuka samu?
4. A ganinku, wa ya kawo maganin?