Abubuwan Da Ya Kamata Ki Sani Kafin Ɗaukar Ciki Idan Kina Allurar Ciwon Sukari

Me ya sa tun kafin cikin?

Zuciyar jariri da lakarsa suna haɗuwa ne a makonni 8 na farko, sau da yawa kafin mace ta tabbatar da ɓatan watanta. A ƙauyukan Bichi, Ɗambatta da Makoɗa kuwa, kunyar cikin fari kan sa yarinya ta yi gum har sai ciki ya fito, sannan a tafi awo. Ga wadda jikinta ya daina yin insulin, sai da allura, hawan sukari a waɗannan makonni kan jawo ɓari ko nakasar jariri.

Gwajin wata uku

Tsire yatsa na nuna sukarin wannan lokacin ne kawai. Gwajin HbA1c shi ke tona yadda jini ya kasance wata biyu zuwa uku baya. Likitoci na son ya sauka ƙasa da 6.5%, idan ya haura 10%, shawararsu a jinkirta ciki da tazarar haihuwa har ya daidaita. Nan ake kai ruwa rana, don uwar miji tana ƙirga watanni tun daga biki. Gara maigida ya raka ki, ya ji daga bakin likita. Mai sikila ko ƙarancin jini ta faɗa, suna iya karkatar da sakamakon.

Ido, ƙoda da ƙwayoyi

Ciki kan tsananta ɓarnar da sukari ya fara yi wa ido da ƙoda, saboda haka a duba su tukuna, ko da sai an tura ki Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Maganin hawan jini irin su lisinopril sai likita ya canza shi. Ƙwayar folic acid kuma miligram 5 ake ba ki kullum, tun kafin ciki har mako na 12.

Allura a garin da babu wuta

Zafin bazara na kashe ƙarfin insulin. Ki ɗaure kwalbar a leda, ki sa a ƙaramin tulu bisa jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. Wadda aka buɗe kada ta wuce mako huɗu. Daka, surfe da aikin damina na faɗar da sukari: da kin ji gumi da karkarwa, ki sha ruwan sukari. Batun azumi a gama shi da likita tun cikin Sha'aban. Ko laulayi ya hana ki cin tuwo, kada ki bar allura. Idan amai ya ƙi tsayawa, a kama hanyar asibiti ranar.