Tsibirin da Ya Daina Zama Tsibiri

A darasin labarin ƙasa mukan koya wa ɗalibai cewa tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko ta ina. To, amma akwai wani wuri da ya yi kusan shekara 700 yana tsibiri, yau kuwa da mota ake shigarsa. Sunansa Wieringen, a arewacin ƙasar Holan, cikin Turai.

Wieringen tudu ne na yumɓu da duwatsu. Wajen shekarar 1200 ambaliyar teku ta cinye fadamun da ke kewaye da shi, tudun kaɗai ya tsira. Mazaunansa suka dogara ga noma, kiwon tumaki da kamun kifi. Suna kuma yankan wata ciyawar teku, su busar da ita a cusa katifa, ko su danƙare ta su yi ganuwar tare ruwa. Saboda keɓewar wurin ne ma aka ajiye Wilhelm, yariman Jamus mai jiran gado, a can daga 1918 zuwa 1923, bayan ƙasarsa ta sha kashi a yaƙin duniya na farko.

A 1916 tekun da ake kira Zuiderzee ya yi mummunar ambaliya. Sai gwamnati ta amince da shirin wani injiniya, Cornelis Lely, na datse tekun. A 1924 aka haɗa Wieringen da babban yankin ƙasa da wata gajeriyar madatsa. A 1930 aka janye ruwan da ke kudu da shi, ƙasan teku ya koma gonaki. A 1932 kuma aka rufe babbar madatsa mai tsawon kilomita 32, wadda ta tashi daga ƙauyen Den Oever. Ruwan gishirin da aka datse ya koma tafki mai ruwan daɗi.

Aikin ya kawo tsaro daga ambaliya, amma ba kyauta ba. A daidai lokacin cuta ta kama ciyawar nan, madatsar kuma ta sauya yanayin ruwan, har ta kasa sake tsirowa. Sana'ar kaka da kakanni ta mutu ke nan.

Ranar 1 ga Janairu 2012 aka haɗe ƙaramar hukumar Wieringen da wasu uku, aka kafa Hollands Kroon. Saboda haka, ɗalibai, in mun buɗe taswira, mu fara duba shekarar da aka zana ta.