Kafin Ki Sayi Kwamfutar Wasa Ta Hannu

Wata ɗalibata a Tsafe ta ce mahaifiyarta ta kwashi adashi, za su Gusau sayen kwamfutar tebur ta wasanni, ta hannu wadda aka gyara. To, ga shawarata.

Kada fitilun jikin akwatin su ruɗe ki, ado ne kurum. Abin tambaya shi ne katin hoto, watau wanda ke zana wasan a allo. Da yawa daga ofisoshin Turai suka fito, ba a sa musu shi ba. Sun iya aikin ofis, amma wasa sai rarrafe. RAM kuwa kada ya kasa 8GB. Ki tambaya ko tana ɗaukar Windows 11, gama Microsoft ta janye tallafin Windows 10 tun Oktoba 2025.

Sa'an nan a kunna miki wasa nan cikin shagon, ki zauna rabin sa'a, ki ga ko za ta yi zafi ta mutu. Komowa da kaya daga Tsafe ko Bunguɗu ba ƙaramar wahala ba ce, saboda haka a rubuta miki garanti a rasit.

Ki ware kuɗin UPS, domin ba ta da batir, wutarmu kuwa kin san halinta.