Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Sifikar Sitidiyo

Akwai wani ƙorafi da ba ya ƙarewa a bakin matasan da suka buɗe sitidiyo, daga na Zoo Road a Kano har zuwa na Kaduna da Jos da Maraɗi. Mutum ya kwana yana gyaran waƙa, a ɗakinsa ta yi zam-zam, amma da ya tura wa mawaƙi ta WhatsApp aka kunna a waya, sai murya ta nutse cikin kiɗa. Ko kuma a sa ta a wajen biki, bes ya danne kalangu da fiyano, sai gunji kawai ke tashi. Daga nan sai a ɗora wa kwamfuta laifi, ko a ce makirfon ne ba shi da kyau. Sau da yawa laifin yana ga abin da mai haɗa kiɗan yake saurare da shi, da kuma ɗakin da yake zaune.

Sifikar falo, da ta DJ, da irin 'yan akwatunan nan na Bluetooth, duk an ƙera su ne don su burge kunne. Kamfani da gangan yake ƙara musu bes da tiribul, domin mai saye a kasuwa ya ji sauti ya cika masa ƙirji ya ciro kuɗi. Ita kuwa sifikar sitidiyo, wadda masu sana'ar ke kira monita, aikinta ta fito da sauti yadda yake, mai kyau ko maras kyau. Wanda ke haɗa waƙa da sifikar falo tamkar mai awo ne da mudun da aka buga wa gindi: komai gaskiyarsa, awon ba zai cika ba. Sifika ta ƙara bes, kai kuma ka ji ya yi yawa ka rage, waƙa ta fita ba nauyi. Idan sifikar ta ɓoye kaifin murya, sai ka ƙara, waƙa ta fita tana sukar kunne.

Tarihin sana'ar ma ya nuna haka. A shekarar 1978 kamfanin Yamaha na Japan ya fito da wata sifika mai farin baki, NS-10, da nufin a saya a ajiye a gida. Masu sauraro ba su yi na'am da ita ba, don muryarta a bushe take, ba ta da wani bes. Injiniyoyin sauti ne suka rungume ta, saboda duk kuskuren da ke tsakiyar sauti, inda murya take, ba ta rufa masa asiri. Har takardar tishu wasu ke liƙa wa ƙaramin bakinta don rage kaifi. An daina ƙera ta a 2001, amma har yau tana kan teburan manyan sitidiyoyin duniya. Haka Quincy Jones da injiniyansa Bruce Swedien, lokacin aikin kundin Thriller na Michael Jackson da ya fito a 1982, suna da manyan sifikoki na alfarma, amma sukan koma su gwada aikin a wata 'yar ƙaramar sifika mai baki ɗaya, Auratone, don su ji yadda zai fita a rediyon talaka.

To wacce za ka saya? Waɗanda aka fi gani a hannun masu ƙaramin ƙarfi su ne Yamaha HS mai farin baki, da KRK Rokit mai ruwan ɗorawa, da JBL 305P. Masu hali kan kai ga Adam ta Jamus ko Genelec ta Finland. A ganina gardamar da ake yi kan wanne kamfani ya fi ɓata lokaci ce ga mai farawa; kowacce daga cikinsu za ta yi aiki. Abin da ya fi muhimmanci shi ne girma, kuma a nan ne son a gani ke kai mutane ya baro. Kowa so yake baƙo ya shigo ya ga mai inci takwas. Gaskiya ne ta fi sauka ƙasa: Yamaha HS8 tana kaiwa wajen hertz 38, HS5 mai inci biyar kuwa wajen 54 take tsayawa. Amma wannan ƙarin bes ɗin ɗaki zai shiga, kuma ɗakunanmu ba su da wurin sa shi.

Ɗauki shagon haya na ƙafa sha biyu-sha biyu, bangon bulo, an shafe da siminti, ƙasa tayil. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, yana dukan bango ya dawo ya haɗu da mai fitowa. A ɗaki mai wannan faɗin, amon da ke wajen hertz 47 yakan taru ya kumbura a jikin bango da kusurwa, a tsakiyar ɗaki kuma ya kusan ɓacewa. Da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, matsalar ninkuwa take. Gwada da kanka: kunna waƙa mai bes, ka tashi daga kujera ka taka a hankali zuwa kusurwa. Za ka ji kamar wani na murɗa maka bes alhali ba wanda ya taɓa komai. A irin wannan ɗaki mai inci biyar ta fi mai inci takwas faɗa maka gaskiya, kuma canjin da ya rage gara ya tafi gyaran ɗaki.

Gyaran ɗakin ma akwai ruɗu a ciki. Kiret ɗin ƙwai da ake bi ana mannawa a bango ba ya tsinana komai ga bes; ado ne kawai da matattarar ƙura. Siririn soso yana shanye tiribul ya bar bes yana yawo, sai ɗaki ya zama a dushe. Ga kuma haɗarin gobara, domin soso saurin kamawa gare shi, hayaƙinsa kuma guba ne, a ɗakin da galibi ƙofa ɗaya gare shi kuma an toshe taga. Abin da ke aiki shi ne audugar gilashi ko ta dutse mai kaurin aƙalla inci huɗu, kafinta ya yi mata firam, a lulluɓe da yadi, a kafa a kusurwoyi da gefen hagu da dama na mai zama. Kafet da labule mai nauyi su ma suna taimakawa. Wajen jera sifika, a tabbata tazarar da ke tsakanin biyun ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kanka, ƙaramin bakin yana kallon kunne, kuma kada kujera ta zauna a tsakiyar ɗaki cif.

Wanda ba shi da halin gyara ɗaki, ko yake aiki a ɗakin kwanansa maƙwabta na barci, hedfon mai kyau ya fi masa monita mai tsada. Iri biyu ne. Akwai mai rufaffen baya, kamar Sony MDR-7506 da Audio-Technica ATH-M50x da Beyerdynamic DT 770, wanda shi ake ba mawaƙi lokacin ɗaukar murya don kada kiɗa ya yoyo ya shiga makirfon. Akwai kuma mai buɗaɗɗen baya, kamar Sennheiser HD 600, wanda ya fi dacewa da haɗa waƙa saboda sautinsa ya fi sakewa, kunne bai cika gajiya ba, sai dai duk hayaniyar waje, har da ta janareto, za ta shigo maka. A duba lambar om da ke jikin kwali: DT 770 tana zuwa da 32 da 80 da 250, HD 600 kuwa 300 ce. Mai babbar lamba in ka jona ta kai tsaye a laftof za ka ji ta a sanyaye, sai da sawun kad mai ƙarfi. Hedfon na Bluetooth a bar shi wajen sauraron nishaɗi. Yana matse sauti, kuma yana jinkiri. Hedfon ma yana da tasa ƙaryar, domin kowane kunne abin gefensa kaɗai yake ji, sai waƙa ta yi kamar ta fi faɗi, eko kuma ya yi kamar ya fi yawa.

Yanzu ga abin da na fi so matasa su ji. Za ka shiga sitidiyo ka tarar an ƙure ƙara, mawaƙi da abokansa na gyaɗa kai, ana cewa "Oga, ƙara mana wuta." Tun 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ya fi jin bes da tiribul idan ƙara ta yi sama, wato kowace waƙa daɗi take yi in an ƙure ta, har da wadda ba a gyara ba. Don haka a yi yawancin aiki a ƙarar da za ku iya hira da na kusa ba tare da ɗaga murya ba. Sannan ga lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako shi ne iyakar abin da babba zai saurara lafiya, kuma ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙara. A desibel 100, kwata na awa ya isa ya fara ɓarna. Idan ka fito daga aiki kunnenka na yin ƙara "tiii", gargaɗi ne. Ƙananan gashin cikin kunne da ke kama sauti ba sa sake tsirowa in sun mutu, kuma jin tiribul ne ke fara tafiya, sai mutum ya yi ta ƙara kaifi a waƙoƙin mutane bai sani ba.

Kowace monita ka saya, ka ba ta makonni kana sauraron waƙoƙin da ka san sun fita da kyau a ko'ina, har kunnenka ya san halinta. Kuma ka tuna da inda waƙarka za ta ƙare: wayar Tecno ko Itel, sifikar Adaidaita Sahu, rediyon mai shayi. Sifikar waya ba ta fitar da bes na ƙasa sam, da yawansu kuma baki ɗaya gare su. Kafin ka miƙa aiki, haɗe hagu da dama su zama ɗaya ka ji ko amshi ya ɓace, ka tura wa wayarka, ka shiga mota da ita. Waƙar Hausa a kan baiti ta dogara. Idan ba a ji kalmomin a ƙaramar waya ba, aikin bai kammala ba.

Wajen saye a yi hattara. Shahararrun hedfon suna da jabu, kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, don haka farashin da ya faɗi ƙasa warwas abin tuhuma ne. Monita sau da yawa ɗaya-ɗaya ake sa mata kuɗi, sai ka tambaya ko farashin na biyu ne. Idan ta hannu ce, je da waƙar da ka haddace, ka saurari kowacce ita kaɗai, ka kasa kunne ga karkarwa ko tsaki, ka duba ko bakin ya tsage ko ya loɓa. Juya bayanta ka karanta: kayan da aka yi wa kasuwar Amurka sau da yawa na wutar 120 ne, tamu kuwa 230 ce, in ka jona irin wannan ba taransifoma tana iya ƙonewa nan take. Ka ware kuɗin sitabilaiza tun cikin lissafin farko, domin wutarmu hawa da sauka take, sauyawa daga NEPA zuwa janareto kuma ya kashe sifikoki da dama. Yi amfani da waya mai ƙafa uku, XLR ko TRS, don rage gurnanin wuta. Wajen kunnawa sifika ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko.