Kunnen Kwikwiyonka Ya Ƙi Miƙewa? Kada Garin Neman Gira Ka Rasa Ido

Idan kana cikin matasan da suka shiga kiwon karnukan waje, ka san tambayar da ta fi yawo a zaurukan WhatsApp da Facebook na masu wannan sha'awa. Wani zai ɗora hoton kwikwiyonsa ɗan wata huɗu, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, yana tambaya ko dai an cuce shi ne. Kafin ka ƙifta ido shawarwari sun cika wurin. Wannan ya ce a ba shi ƙwayar kalsiyam, wancan ya ce a daka ɓawon ƙwai a zuba masa a abinci, wani kuma ya turo bidiyon TikTok na wanda ya naɗe kunnen kare da salatif kamar mai ɗaure kwali.

To ɗan'uwa, 'yar'uwa, ku ɗan dakata. Yawancin kunnuwan nan da kansu suke miƙewa, kuma abin da ya fi lalata su shi ne gaggawar mai karen.

Karen da muke magana a kai shi ne Jaman Shefad, wanda mutanenmu da yawa ke kira Alseshan. Asalinsa daga Jamus ne, inda wani hafsan soja mai suna Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1899, a matsayin karen tsaron garken tumaki. Sunan Alseshan kuwa Turawan Ingila ne suka laƙaba masa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, saboda ƙyamar duk abin da ke ɗauke da sunan Jamus, sai a 1977 suka mayar masa da sunansa. Tsayayyen kunne yana cikin siffofin da aka san shi da su, shi ya sa hankalin mutum ke tashi idan bai gan shi ba.

Me ke riƙe kunnen a tsaye?

Babu ƙashi a fatar kunnen kare. Guringuntsi ne, irin wanda ke cikin naka kunnen, sai tsokoki a gindinsa da suke ɗaga shi suna juya shi. Duk kwikwiyon Jaman Shefad da kwantaccen kunne ake haihuwarsa. Wasu kunnensu kan fara tashi tun suna da mako 8, wasu sai sun kai wata 5 ko 6.

A tsakanin nan akwai lokacin da ke rikita mutane, wato lokacin famfara. Kwikwiyo yana da haƙoran yarinta 28, waɗanda ke zubewa daga wajen wata 4, na girma guda 42 su maye gurbinsu zuwa wata 6 ko 7. A wannan lokacin kunne kan yi ta wasa da hankalinka: yau ya tashi, jibi ya faɗi, wani lokaci su jingina da juna a tsakiyar kai kamar hula. Duk wannan ba ciwo ba ne. Masu kiwo sun daɗe da lura cewa kunnen da ya taɓa tsayawa da kansa, galibi yakan dawo bayan an gama famfara.

Sannan akwai gado. Idan uwa ko uba suna da lallausan kunne ko mai faɗi da nauyi, ɗan ma zai iya ɗaukowa. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, ba duk kwikwiyon da aka sayar maka a intanet da sunan tsantsar Jaman Shefad ne tsantsa ba. Idan ruwa biyu ne, babu dabarar da za ta sauya halittarsa.

Abubuwan da za ka guje wa

Na farko, kalsiyam. Wannan ita ce shawarar da ta fi yawo, kuma ita ce ta fi haɗari. Kalsiyam ƙashi yake ginawa, kunne kuwa mun ce guringuntsi ne. Abin tsoron shi ne, jikin ƙaramin kwikwiyo bai iya tace yawan kalsiyam da hanjinsa ke tsotsa ba sai ya kai wajen wata 6. Karen da zai girma ya kai kilo 30 zuwa 40, idan aka cika masa kalsiyam yana ƙarami, ƙasusuwa da gaɓoɓinsa na iya girma a karkace. Kana neman kunnen hoto, ka ƙare da kare mai ɗingishi. Ƙwayar kalsiyam ta mutane, garin ɓawon ƙwai, garin ƙashi, duk ka ajiye su sai idan likitan dabbobi ne ya rubuta.

Na biyu, sufa gulu, salatif da robar ɗaure kuɗi. Sufa gulu yana ƙona fata, ya tafi da gashi idan aka zo cirewa. Salatif ba ya barin iska ta shiga, ga zafin garinmu, cikin kwana biyu gumi ya jiƙa wurin ya zama gyambo. Roba kuwa tana tsayar da jini, har wani sashe na kunnen ya mutu.

Na uku, reza. Wasu sun saba ganin ana yanke kunnen karnukan gida da na farauta, sai su ɗauka datse bakin kunnen zai sa ya tsaya. Jaman Shefad ba a yanke masa kunne a ko'ina cikin ƙa'idar kiwonsa, kuma a Ingila yanke kunnen kare don ado laifi ne a doka.

Na huɗu, yawan taɓawa. Ƙannenka da ke jan kunnen suna lanƙwasa shi, da babban karen da ke cizonsa wurin wasa, suna iya karya guringuntsin da bai gama ƙwari ba. Ka shafa kansa da bayansa, ka bar masa kunnensa.

Abin da ke taimakawa da gaske

Kunne yana bin lafiyar jiki ne. Kwikwiyon da tsutsar ciki ke cinye abincinsa ba shi da ƙarfin gina komai. Ana ba da maganin tsutsa duk bayan mako 2 har ya kai mako 12, daga nan duk wata har wata 6. Allurar rigakafi tana farawa daga mako 6 zuwa 8, musamman saboda cutar fabo mai sa amai da gudawar jini, wadda ke kashe 'yan kwikwiyo da yawa a Najeriya. Ta haukan kare kuma a wata 3.

Sai abinci. Ragowar tuwo da shinkafa kaɗai ba za su riƙe irin wannan karen ba, kuma miyarmu cike take da albasa, wadda ke lalata jinin kare. Idan da hali, ka nemi abincin leda da aka haɗa don 'yan kwikwiyon manyan karnuka, domin an riga an auna kalsiyam ɗinsa. Idan kuɗinsa ya fi ƙarfinka, wanda ba abin kunya ba ne a wannan tsadar, ka sa likitan dabbobi ya tsara maka haɗin gida da nama, kifi ko ƙwai.

Ka ba shi abin tauna na roba mai ƙwari. Yana rage masa ƙaiƙayin dasashi, yana motsa tsokokin muƙamuƙi da na kai, takalmanka ma su huta. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, kar ka ba shi, yana tsagewa ya huda hanji.

Ka riƙa leƙa cikin kunnen duk mako. Kaska na son maƙalewa a can, ga ƙuda masu cizon bakin kunne har ya yi jini, musamman da damina idan ɗakin karen ba shi da tsafta. Idan ka ga yana yawan girgiza kai, yana susa, ko wari na fitowa, ka garzaya asibiti. Yawan girgizar kan fasa jijiya, jini ya taru a fatar kunnen ya kumbura, idan aka bar shi kuma kunnen ya tattare har abada. Kar ka zura tsinken auduga ciki.

Yaushe ake ɗaure kunne?

Idan ya kai wata 5 zuwa 6, famfara ta kusa ƙarewa, kunnen kuma bai taɓa nuna alamar tashi ba, lokacin zuwa wurin likita ya yi. Shi zai duba ko akwai ciwo, sannan ya yanke shawarar ko a tallafa wa kunnen. Yadda ake yi, ana sa soso marar nauyi a cikin fatar kunnen ba tare da toshe ramin ba, a naɗe da filastar asibiti mai barin iska, ba a matse ba. Ana cirewa a duba bayan kamar mako guda, ko nan take idan ya jiƙe, ya yi wari ko ya kumbura. Bayan wata 7 zuwa 8 damar nasara tana raguwa sosai, don haka jinkirin ma yana da iyaka.

Likitoci ba su yi wuyar samu ba. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha da masu zaman kansu a manyan garuruwa, ga na koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri.

Idan kuma an yi komai kunnen ya ƙi, wallahi karenka bai rage komai ba. Zai ji motsin ɓarawo, zai gane muryarka, zai koyi duk abin da ka koya masa. Kai kuma da ke shirin saye, kar ka tura kuɗi a kan hoto kawai. Ka je ka ga uwar da idonka, ka nemi ganin uban, ka karɓi katin rigakafi. A jikin iyayen ne za ka ga kunnen da kwikwiyonka zai yi nan da wata shida.