Faifai Biyu a Kwamfuta Ɗaya: Abin da Ke Hana Na'ura Tashi

Tun da aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura a shekarar 2021, arewa maso yammacin Jihar Jigawa ta ƙara samun ɗaliban da kwamfuta ce abin karatunsu, baya ga na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure. Ɗalibi irin wannan yakan bukaci babbar manhaja iri biyu, wato Windows don ayyukan yau da kullum, da Linux don koyon rubuta manhaja, alhali kuwa ba kowa ke da halin sayen na'ura biyu ba. Saboda haka akan sayo ta hannu a titin Beirut na Kano, a ƙara mata faifai na biyu, kowace manhaja ta zauna a faifanta. Sai dai kash, wata safiya akan kunna na'urar a tarar da baƙin allo, babu komai a kai sai kalmomin grub rescue ko makamantansu, ga kundin kammala karatu a ciki.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, a mafi yawan lokuta kundin yana nan daram. Abin da ya ɓata shi ne ɗan jagoran da ke nuna wa na'ura inda babbar manhaja take, wanda za mu kira manhajar tayarwa.

A tsohon tsari mai suna BIOS, na'ura tana karanta bayit 512 na farkon faifai. Daga ciki, 446 ne kacal rabon manhajar tayarwa, 64 na taswirar kason faifai, 2 kuma alamar shaida. Da yake wurin ya yi ƙanƙanta, GRUB, wadda Erich Boleyn ya fara rubutawa a 1995, takan ajiye kanta kawai a nan, ta bar gangar jikinta a wani kaso dabam. A sabon tsari mai suna UEFI kuwa, akwai ɗan kaso na musamman a faifai, inda kowace babbar manhaja ke ajiye manhajar tayarwarta, sannan babban allon na'ura ya riƙe jerin wadda za a fara kira.

To, a nan gizo ke saƙar. Mai na'ura yana zaton tun da faifai biyu ne, kowane cin gashin kansa yake yi. Amma tsohuwar manhajar girka Ubuntu ta yi suna wajen ajiye GRUB a kason musamman na faifan da ta fara cin karo da shi, ko da an zaɓa mata wani. Sakamakon haka sai kan ya kasance a faifan Windows, jiki a faifan Linux. Ranar da aka zare na Linux, kai ya nemi jiki ya rasa, ranar da aka zare na Windows kuma Linux ta ƙi tashi. Windows ma takan yi haka: idan ta tarar da kason a ɗayan faifan, sai ta raɓa a can, kuma duk ranar da aka goge wancan faifan ita ma ta kwanta. Maganin da ya fi kowane sauƙi, ko da yake masu gaggawa sun raina shi, shi ne a zare faifai ɗaya yayin da ake girka manhaja a ɗayan.

Idan kuwa ɓarna ta riga ta auku, kada a yi saurin goge komai. A danna maɓallin zaɓen tayarwa da zarar an kunna, F12 a yawancin na'urorin Dell da Lenovo, F9 a na HP, a zaɓi Windows kai tsaye. In hakan bai yiwu ba, a tayar da Linux daga filashi, a fara kwashe muhimman takardu tukuna, kana a sake girka GRUB da umarnin grub-install. Ita kuwa Windows, umarnin bcdboot ke mayar mata da tata.

Wata matsalar ita ce haɗa tsari biyu. Tsofaffin na'urori da dama suna karɓar BIOS da UEFI duka, don haka akan girka Windows da wannan, Linux da wancan, ba tare da an lura ba. GRUB da ta tashi ta UEFI ba za ta iya tayar da Windows ɗin da aka girka ta BIOS ba, kome yawan gyara. Dole a daidaita su, kuma tun da Windows 11 ta 2021 UEFI take bukata, can ya kamata a karkata. Bugu da ƙari, daga fitowar GRUB 2.06 a 2021 an kashe os-prober, mai lalubo sauran manhajoji, sai wanda ya kunna ta da kansa. Wannan kaɗai yakan sa sunan Windows ya ɓace daga jerin zaɓi alhali lafiyarta ƙalau.

A yi hattara da BitLocker, mai kulle faifan Windows. Taɓa saitin babban allo kan sa ta nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda in babu shi, takardun sun kullu ke nan. A rubuta shi a takarda kafin a fara.

Akwai kuma ƙaramar damuwa ta agogo. Linux tana ɗaukar agogon babban allo a matsayin lokacin duniya, Windows kuma lokacin gida, Nijeriya kuwa tana gaban lokacin duniya da awa 1. Shi ya sa ɗalibin Babura da ya fito daga Linux ya shiga Windows yakan ga agogo ya koma baya da awa guda. Batirin allo ba shi da laifi a nan. Umarnin timedatectl a Linux ke daidaita su.