Kalmar "biomédicament": ma'anarta da hanyar faɗinta da Hausa

Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Gundumar Dungas ce ta fi yawan majinyata, cutar kuma ta taɓa Magariya. Allurar rigakafin da aka tari annobar da ita tana cikin ajin magungunan da ake kira "biomédicament" da Faransanci.

1. Ma'ana

Kalmar tana nufin magani wanda ake samu daga jikin abu mai rai, ko wanda ake sa ƙananan halittu su samar a masana'anta. Misalai su ne: allurar rigakafi, makarin dafin maciji, da ake tacewa daga jinin doki, insulin na masu ciwon sukari, wanda aka gano a Toronto cikin 1921. Sun bambanta da irin su farasitamol, da ake haɗawa daga sinadarai. Zafi yana lalata galibinsu, shi ya sa ake ajiye su cikin sanyi, tsakanin digiri 2 da 8.

2. Wahalar fassara

"Maganin halitta" bai wadatar ba, domin manomi zai ɗauka saiwa, ganye da sassaƙe ake nufi, watau maganin gargajiya, tun da itace ma halitta ne. "Maganin ƙwayoyin halitta" kuwa yana da tasa illa: a bakin jama'a "ƙwaya" ita ce wadda ake haɗiya, alhali yawancin waɗannan magunguna allura ce. Wanda ya fahimce su haka zai iya neman su a tiren mai talla, inda suka yini cikin rana.

3. Shawara

Ga ƙamus da littattafan malaman asibiti, "magani mai tushen rai" ya fi dacewa, muddin an biyo shi da bayani. A littattafan yaƙi da jahilci kuwa, gara a kira kowanne da sunan da aka san shi: "lamba" ko "rigakafi", "makarin dafi", "allurar sukari", a ƙara da cewa ba ya jure zafi, kuma a asibiti ake samun sa. Kafin a tsayar da kalmar, lalle ne a gwada ta a azuzuwan manya na Magariya da Dungas, maza da mata, a ji abin da suka fahimta.